Index Fungorum: Rumbun Bin Sawun Tsoffin Sunayen Naman Kaza, da Inda Yake Barin Mutum a Hanya

Duk wanda ya taɓa buɗe littattafai biyu na naman kaza, ɗaya tsoho ɗaya sabo, ya san ciwon kan da ke ciki. Hoto ɗaya, hula ɗaya, launi ɗaya, amma suna ya sha bamban. Wannan ya ce Boletus satanas, wancan ya ce Rubroboletus satanas. A jikin kwalbar garin magani an rubuta Coriolus versicolor, takardar bincike kuma ta ce Trametes versicolor. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sunayen ne suka yi ta sauya gida tun ƙarni na 18, kowane masani ya zo ya ɗauke su daga inda na gabansa ya ajiye.

Index Fungorum shafi ne na intanet da aka gina don bin sawun wannan ƙaura. Rajista ce ta sunayen kimiyya na fangas baki ɗaya, daga laimar kwaɗi da funfuna da yis, har tsatsar ganye da burtuntunar hatsi. Cibiyar CABI ta Ingila ce ta soma shi, yanzu kuma yana hannun lambun bincike na Kew da ke Landan, da haɗin gwiwar cibiyoyi a New Zealand da ƙasar Sin. Bincike a cikinsa kyauta ne, ba sai an buɗe asusu ba. Sunayen da ke ciki sun haura rabin miliyan, alhali nau'o'in fangas da aka bayyana a kimiyyance kimanin 150,000 ne. Tazarar nan ita ce dalilin samuwarsa: akasarin abin da ke cikin rumbun tsoffin sunaye ne, da maimaici, da waɗanda aka soke.

Hukunci a taƙaice shi ne, idan tambayar ita ce wa ya fara raɗa wannan suna, a wace shekara, a wane littafi, a wane shafi, to babu inda ya fi nan saurin ba da amsa. Amma shafi ne marar fara'a. Fasalinsa na tsohon yayi ne, ba ya bayani, ba ya koyarwa, kuma yana magana ne da gajerun alamomin Latin kamar kowa ya san su. Wanda bai iya karanta alamomin ba zai fita da rabin amsa yana ganin ya samu cikakkiya.

A ɗauki wannan jar laima mai ɗigo-ɗigon fari da ake yawan zanawa a littattafan yara na Turai. Idan aka rubuta Amanita muscaria a akwatin bincike, layin da zai fito shi ne Amanita muscaria (L.) Lam., sai sunan littafi a gajarce, da shekarar 1783. Kalmar farko jinsi ce, wato babban gidan da aka sa shi, ta biyu kuma nau'i. Harafin L da ke cikin baka biyu na nufin Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya fara raɗa masa suna. Lam. kuwa Lamarck ne na Faransa, wanda ya ɗauke shi daga gidan farko ya mayar da shi Amanita. Ƙa'idar ke nan a ko'ina: na cikin baka shi ne mai suna na asali, na waje shi ne wanda ya sauya masa gida. Idan aka danna layin, sai a ga wani fili da ke nuna tushen sunan, wato Agaricus muscarius L., 1753. A nan ake yawan tuntuɓe. Mutum ya ga 1783 ya kwafa ya ce a shekarar aka gano wannan nau'i, alhali shekaru talatin kafin nan yana da suna. Shekarar da ke gaban layi ta sabon haɗi ce kawai. Sai an bi tushen sunan ake isa ga mafari.

Me ya sa Agaricus? Domin Linnaeus bai ba fangas lokacinsa sosai ba. A littafinsa Species Plantarum na 1753 ya tura su ƙarshen mujalladi na biyu, ya raba su jinsi goma kacal, nau'o'in kuma ba su kai 100 ba. Duk mai haƙarƙari a ƙarƙashin hula ya ce Agaricus ne. Duk mai huji-huji kamar soso ya ce Boletus. Mai ƙayoyi kamar haƙora ya ce Hydnum. Waɗanda suka biyo shi, irin su Schaeffer a Jamus da Scopoli da Bulliard a Faransa da Sowerby a Ingila, duk a kan wannan rabo suka ɗora. Saboda haka wanda ya rubuta Agaricus kawai a Index Fungorum zai ga dubban layuka sun zubo masa, mafi yawansu kuma tuni suka bar gidan. Haka Boletus: Laetiporus sulphureus mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a jikin itace, Bulliard ya kira shi Boletus sulphureus a 1789, sai a 1920 Murrill ya ba shi gidan da yake yanzu.

Wannan ne ya sa binciken kalmar nau'i ya fi binciken cikakken suna amfani ga tsoffin sunaye, kuma shafin ya tanadi wannan zaɓi. Sai dai akwai tarko. Ƙarshen kalmar Latin yana sauyawa gwargwadon jinsin da ta shiga, kamar yadda Hausa ke cewa dogo da doguwa. Muscarius ya koma muscaria, procerus na Scopoli ya koma procera a Macrolepiota procera, atramentarius ya koma atramentaria. Dabarar ita ce a rubuta gangar jikin kalmar a bar ƙarshen, kamar muscari ko procer, tun da injin yana kawo duk abin da ya fara da waɗannan haruffa. Ba ya gyara kuskuren rubutu, ba ya cewa ko wannan kake nufi. Harafi ɗaya ya kauce, sai ya ce babu. Tsoffin marubutan ma ba su daidaita rubutunsu ba: Linnaeus Elvela ya rubuta, yau Helvella ake rubutawa.

Inda shafin ya fi nuna gwaninta, kuma inda ya fi rikita baƙo, shi ne batun sunaye masu kariya. A dokar raɗa wa tsirrai da fangas suna, wanda ya riga shi ke da suna. Idan masana biyu sun ba nau'i ɗaya suna daban-daban, na farko ake ɗauka. Amma a fangas akwai togaciya, kuma tana da tarihi. A da, an yanke cewa lissafin sunayen fangas ba daga Linnaeus zai fara ba. Ga tsatsa da burtuntuna da masu tara ƙurar irinsu a ciki kamar ƙwallo, mafari shi ne littafin masani Christiaan Persoon na 1801, Synopsis Methodica Fungorum. Ga sauran kuma mafari shi ne 1 ga Janairun 1821, wato Systema Mycologicum na Elias Fries, wanda ya fito kashi-kashi daga 1821 zuwa 1832. Wannan tsari ya jawo wahala, domin duk sunan da Bulliard ko Schaeffer suka raɗa kafin nan ba a ƙirga shi sai an nemo wanda ya fara maimaita shi bayan ranar mafari, ko da kuwa a wani ɗan jerin tsirran ƙauye ne da ba wanda ya sani. A babban taron masana tsirrai na Sidni a 1981 aka mayar da mafarin zuwa 1 ga Mayun 1753, aka kuma ce duk sunan da Persoon ko Fries suka karɓa a waɗancan littattafai yana da kariya, ba za a ture shi ba ko da an samu wanda ya girme shi.

Misali mai kyau shi ne Cantharellus cibarius, wannan mai launin gwaiduwa da siffar mazurari. Linnaeus ya riga ya kira shi Agaricus chantarellus tun 1753. Da dokar riga-riga kaɗai ake bi, da kalmarsa ce za ta tsaya. Amma Fries ya ce cibarius a 1821, wato na abinci, kuma kariyar ta tsayar da shi. A Index Fungorum akwai fili na musamman da ke nuna wurin da Fries ko Persoon suka karɓi suna, da mujalladi da shafi. Wannan fili kaɗai ya isa dalilin shiga shafin, domin neman sa da hannu a cikin mujalladan Fries aiki ne na yini guda. A littattafan da aka buga tsakanin shekarun 1980 da 2010 za a ga ana nuna kariyar da ruwa biyu, kamar Boletus edulis Bull. : Fr. Bayan taron masana fangas na San Juan a 2018 aka bar wannan salo, aka koma rubuta nom. sanct., wato suna mai kariya, idan akwai buƙata. Don haka Bull. kaɗai da Bull. : Fr. abu ɗaya suke nufi, Bulliard ne mai suna, 1782. Kuskuren da ake gani a takardun ɗalibai shi ne mayar da ruwa biyun zuwa ex, wanda ma'anarsa daban ce.

Ex na nufin wani ya ambaci sunan da farko amma ba ta hanyar da doka ta amince ba, na biyun ne ya tabbatar da shi. Amanita phalloides, wanda ya fi kowane naman kaza kashe mutane a duniya, ana rubuta shi (Vaill. ex Fr.) Link. Sébastien Vaillant ya bayyana shi a littafinsa na tsirran kewayen Paris da ya fito a 1727, kafin ranar mafari, kuma da doguwar jimla ta Latin maimakon kalma biyu. Fries ya ba shi Agaricus phalloides a 1821, Link ya mayar da shi Amanita a 1833. Doka ta yarda a yar da sunan da ya zo kafin ex, don haka (Fr.) Link ma daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne a yar da na baya a bar Vaillant shi kaɗai. Haka Aspergillus, wani jinsin funfuna: Micheli na Florence ne ya ƙirƙiri sunan a 1729, a littafin da ya nuna cewa fangas na yaɗuwa ta ƙurar iri, amma tun da ya riga 1753, sai an haɗa sunansa da na wanda ya tabbatar daga baya. Shafin ba zai ba da wannan labari ba. Haruffa biyu kawai zai nuna.

Akwai wani ɗan fili na sharhin edita da ido ke saurin tsallakewa, alhali shi ne ke raba suna mai rai da matacce. Idan ya ce nom. inval., sunan bai cika sharuɗɗan bugawa ba, a wurin doka kamar ba a taɓa raɗa shi ba. Duk sunayen da Secretan ya kawo a littafinsa na naman kazan Suwizalan na 1833 haka suke, domin bai tsaya a kan tsarin kalma biyu ba, aka soke littafin gaba ɗaya. Wanda ya ga Secr. a tsohon littafi ya san sai ya nemi wani mai sunan. Idan kuma ya ce nom. illegit., yawanci takwara aka yi, wato an riga an ba wani nau'i daban wannan sunan. Farar Amanita virosa mai kisa ta faɗa wannan rami: Fries ya kira ta Agaricus virosus a 1838, amma Sowerby ya riga ya yi amfani da sunan ga wani abu, littafin 1838 kuma ba ya cikin masu kariya. Shi ya sa a yau ake rubuta Amanita virosa Bertill., 1866, babu Fries a baka. Lambobin sashen doka da sharhin ke kawowa ba su da mahaɗin da zai kai mutum ga nassin dokar, sai ya je ya nema da kansa. Wannan gibi ne da bai kamata ya daɗe haka ba.

Sai kuma bambancin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda shafin bai fito da shi fili yadda ya kamata ba. Index Fungorum jerin sunaye ne, abin da ke cikinsa tarihi ne da ake iya tabbatarwa da takarda. Amma kusa da kowane suna ana nuna sunan da ake amfani da shi yanzu, wannan kuma daga ɗan'uwansa Species Fungorum yake zuwa, kuma ra'ayi ne. Ra'ayin masana ne, mai nauyi, amma ra'ayi. Cewa O.F. Müller ya raɗa Agaricus comatus a 1780, Persoon ya mayar da shi Coprinus a 1797, ba a jayayya a kai. Cewa ya kamata a farfasa Coprinus kuwa hukunci ne da Redhead da abokan aikinsa suka yanke a 2001, bayan binciken DNA ya nuna Coprinus comatus ya fi kusa da Agaricus fiye da sauran masu narkewa su zama baƙin ruwa. Da yake shi ne ginshiƙin jinsin, shi ya riƙe sunan, ɗaruruwan sauran aka watsa su Coprinopsis da Coprinellus da Parasola. Wanda Bulliard ya kira atramentarius a 1786, saboda ana yin tawada da ruwansa, ya koma Coprinopsis atramentaria. An ɗauki shekaru ana gardama kafin littattafan gona da daji su bi. Irin wannan ya sake faruwa da Boletus wajen 2014, inda satanas na Lenz na 1831 ya koma Rubroboletus, badius ya koma Imleria badia, luridus na Schaeffer kuma aka farfaɗo masa da Suillellus, sunan da Murrill ya ba shi tun 1909 aka yi watsi da shi fiye da shekaru ɗari.

Saboda haka a duba MycoBank ma. Shi ne babban abokin gasa, yana cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a ƙasar Holan, an buɗe shi a 2004. Tun 1 ga Janairun 2013, duk sabon sunan fangas sai ya samu lambar rajista daga ɗayan rumbuna uku, wato waɗannan biyu da Fungal Names na ƙasar Sin, kafin ya zama halastacce, kuma suna musayar bayanai. A kan tsoffin sunaye lambar layi ɗaya ce a Index Fungorum da MycoBank, don haka ana iya kwafar lamba daga nan a nema a can. MycoBank ya fi yalwa: wani lokaci da bayanin siffa, da jerin littattafai, da kayan kwatanta DNA. Amma ya fi nauyi, kuma ga mai son layi ɗaya kawai, yalwar tana cika ido. Idan biyun sun yi sabani a kan sunan yanzu, ba lalle wani ya yi kuskure ba, ƙila editocinsu takardu daban suka bi, ko ɗaya bai kai ga sabunta wannan rukuni ba. Abin yi shi ne a zaɓi ɗaya, a rubuta wanda aka bi da ranar da aka duba.

Shekaru ma ba kullum suke daidaita ba. Pleurotus ostreatus, wanda ake nomawa a buhunan ɗussa da ƙaiƙayi a duniya, Jacquin ne ya raɗa masa Agaricus ostreatus a Vienna, Kummer ya mayar da shi Pleurotus a 1871. Shekarar Jacquin kuwa wasu 1774 suke rubutawa, wasu 1775. Dalili shi ne manyan littattafan zane na wancan zamani kashi-kashi ake fitar da su, mai saye ya tara ya kai a ɗinke masa, shekarar da ke bangon gaba kuma ba ita ce ta kowane shafi ba. Shi ya sa a shafin za a ga shekara biyu wani lokaci, ɗaya a baka, ɗaya a baka mai kusurwa: ɗaya ta ainihin fitowa, ɗaya wadda aka buga a jikin littafin. Schaeffer ya fara fitar da zanensa na naman kazan kewayen Regensburg a 1762, amma sai a mujalladi na huɗu na 1774 ya ba su sunaye masu kalma biyu, shi ya sa kusan duk sunan da ke ɗauke da Schaeff. 1774 ne. Wani tarkon kuma: littafi biyu ne ke da suna Elenchus Fungorum. Na Batsch ya fito daga 1783 zuwa 1789, ba shi da kariya. Na Fries na 1828 yana da ita. Gajarcen sunayensu sun yi kama ƙwarai.

Mafi daɗin abin da ke shafin shi ne mahaɗin da ke kai mutum ga hoton ainihin shafin da aka fara buga sunan, sau da yawa a rumbun Biodiversity Heritage Library. Ba kowane layi ke da shi ba, wasu mahaɗan kuma sun mutu, amma ga manyan littattafai yawanci yana aiki. A nan mutum zai ga ƙarancin abin da aka gina suna a kai. Bayanin Linnaeus na nau'i guda bai fi layi biyu ko uku ba, sai ya tura mai karatu ga zanen wani da ya gabace shi. Ga mai neman kalma a cikin waɗannan shafuka, a lura cewa tsohon bugun Latin na da doguwar s mai kama da f, manhajar karanta rubutu kuma f take ɗaukarta, sai muscarius ya zama mufcarius. Idan bincike ya ce babu, a gwada da f. Zanen Bulliard kuwa, kusan faranti 600 da ya fitar daga 1780 har rasuwarsa a 1793, har yau akwai waɗanda sun fi hoton kyamara nuna siffa, domin yakan zana ƙarami da babba da wanda aka tsaga a shafi ɗaya.

Daga nan iyakar shafin ke bayyana. Kowane suna yana rataye ne a jikin samfurin asali, wanda idan gardama ta tashi ake komawa gare shi. Tsoffin masanan kuwa ba su cika adana naman kaza mai tsoka ba, domin ruɓewa yake ko ƙwari su cinye. Tarin Persoon yana Leiden, ragowar na Fries yana Upsala, amma ga ɗimbin sunaye zane ne kaɗai ya rage, zane kuma ba a ciro DNA daga cikinsa, ba a auna ƙurar irinsa a madubin ƙara girma. Doka ta 1994 ta buɗe ƙofar zaɓar sabon samfuri mai tallafa wa zanen, wanda ya fi kyau a samo shi daga yankin da aka fara ganin nau'in. Tun 1 ga Janairun 2019 irin wannan zaɓi ma sai da lambar rajista. Ga sunayen da aka yi wa haka, rumbunan biyu kan nuna. Ga sauran, fili ne kawai babu komai, kuma shafin ba ya gargaɗin cewa sunan yana reto.

Illar wannan a fili take a Ganoderma lucidum. William Curtis ya kira shi Boletus lucidus a 1781 daga samfurin da aka samu a kewayen Landan, Karsten ya kafa masa jinsin Ganoderma a 1881. Daga nan aka yi ta liƙa sunan ga duk wani ja mai sheƙi kamar an shafa masa fenti a kowace nahiya, har da wanda ake nomawa a Sin da Japan ana sayarwa a shayi da ƙwayoyi. Binciken DNA ya nuna na Asiya ba shi ne na Curtis ba. A 2012 aka ba shi Ganoderma lingzhi, wasu masanan kuma suka ce Ganoderma sichuanense na 1983 ya riga shi. Index Fungorum zai nuna duka ukun, kowanne da shekararsa daidai. Ba zai ce abin da ke cikin kwalbar da aka rubuta wa lucidum kusan tabbas ba lucidum ba ne. Haka cibarius na Fries, wanda aka daɗe ana kiran na Arewacin Amurka da shi, daga baya aka gane nau'o'i ne da dama masu zaman kansu. Sunan da aka raɗa a dajin Turai, a yi hattara da shi a wajen Turai, ko da hoton ya yi kama ɗari bisa ɗari.

Shafin kuma ba ya cewa ana ci ko ba a ci, ba ya ɗauke da mabuɗin tantancewa, galibi ko hoto babu. Wannan ba aibi ba ne, aikinsa ke nan, amma dole a faɗa domin akwai masu ɗaukar suna daga manhajar waya mai gane hoto, su zo nan su ga sunan yana nan da shekararsa da mai raɗa shi, su ɗauka an tabbatar musu. Abin da aka tabbatar shi ne sunan yana nan. Volvariella volvacea na Bulliard, wanda ake nomawa a kan tattakar shinkafa a Kudu maso Gabashin Asiya, yana da jaka a gindi kamar Amanita phalloides, kuma wannan kama ta kashe baƙi 'yan Asiya da dama a Amurka da Ostareliya. Abin da ke raba su ba ya cikin rumbu. A yanke ƙafar, a kifa hular a kan gilashi ko takarda rabi fara rabi baƙa, a rufe da kofi, a bari awa shida zuwa kwana ɗaya. Ƙurar Volvariella ruwan hoda ce, ta phalloides fara, kuma phalloides na da zobe a ƙafa, wancan babu. Idan samfurin ƙarami ne bai buɗe ba, ko ya bushe, ƙurar ba za ta zubo ba, rashin zubowar kuma ba shaida ba ce. Haka ake raba Macrolepiota procera mai farar ƙura da Chlorophyllum molybdites na Meyer na 1818, mai ƙura kore-kore da ke sa amai da gudawa mai tsanani. Gubar phalloides kuwa ba ta nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24, lokacin hanta ta fara lalacewa, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

Wa shafin ya dace da shi? Ɗalibin da ke rubuta kundi, da mai kula da ɗakin adana samfura, da mai fassara ko gyaran littafi, da mai noman naman kaza da ke son sanin ko irin da aka sayar masa da tsohon suna shi ne wanda takardun bincike ke magana a kai da sabon suna. A waya yana buɗewa da sauri tun da rubutu ne zalla, sai dai haruffan ƙanana ne, jerin sunaye masu ma'ana ɗaya kuma yakan yi tsawo, na wasu nau'o'in ya haura layi hamsin, don haka kwamfuta ta fi. Akwai kuma sashen neman sunayen masana, mai warware gajarce irin su Quél. da P. Kumm. da DC., wanda ke hana rikita Gray na Ingila da wani Gray, ko Link da L.

Ga mai rubuta takardar samfuri ko jerin nau'o'i, tsarin da ba ya ba da kunya shi ne a nemi sunan da ke hannu, a karanta sharhin edita kafin komai, a bi tushen sunan har shafin asali, a kwafi lambar layin a duba ta a MycoBank, sannan a rubuta sunan yanzu da tsohon a gefensa. Jinsi da nau'i a rubutun gicciye, jinsi da babban baƙi, nau'i da ƙarami ko da daga sunan mutum aka samo shi, sunayen masana kuma a miƙe, a gajarce yadda rumbun ya nuna, da ɗigonsu: L. da ɗigo, Fr. da ɗigo, Batsch da Link babu, domin cikakku ne.